Akuyoyin Na-Sani

Akwai mutumin da in ka ce masa ana ruwa a waje zai leƙa taga ya gani. Na-Sani ba ya cikin irin waɗannan. Kafin ka rufe baki ya ce, "Na sani," ko da kuwa zolayarsa kake yi. Nan sunan ya samo asali, ya kuma bi shi har ya danne nasa na gaskiya. Matarsa ta rantse shekara goma sha ɗaya suna tare, ba ta taɓa jin "ban sani ba" daga bakinsa ba. Haka "ban gane ba", haka "ban iya ba". Duk maganar da ke da "ban" a ciki, harshensa bai san hanyarta ba. Ku riƙe wannan da kyau, za mu dawo kansa.

Aiki yake a wani ɗan kamfani mai ɗaki biyu a saman shagon tela, inda suka ƙirƙiri wasan waya mai suna Kauce Hanya. Tseren keke ne, mutane dubbai suna fafatawa da juna daga gidajensu, kuma akwai dandalin hira a ciki inda ake cika baki kafin tsere, a yi ƙorafi bayansa. Aikin Na-Sani amsa ƙorafi ne. Teburinsa na bakin ƙofar banɗaki, kujerarsa ta roba ce da aka ɗaure ƙafarta ɗaya da waya. A ƙarƙashin teburin akwai wata tsohuwar kwamfuta da ke gurnani dare da rana, wadda ya hana kowa ya kashe, wai ita ke ɗumama masa ƙafa.

Can kuma a bakin taga akwai wata baƙar kujera mai juyawa, ta shugaban tsaron wasa, babu kowa a kanta tun da mai ita ya bar aiki. Wata bakwai Na-Sani yana kallon kujerar nan. Ya riga ya faɗa wa matarsa tasa ce, ya faɗa wa tela, har surukinsa ya faɗa wa. Sanarwa kawai ta rage, in ji shi.

Ranar Litinin Mai Kamfani ta tara su, shi da Mai Tabarau, wadda ita ce ke rubuta yawancin wasan, mace mai ƙarancin magana da yawan aiki.

"Kun san ranar Asabar za mu yi gasa a zauren taro," in ji Mai Kamfani. "Kamfanin lemo ya ɗauki nauyi, jama'a za su cika. Kuma Shiru ne na ɗaya a jeri. In ya shige bangon nan a gaban mutane, mun gama yawo."

Shiru wani ɗan wasa ne da ya addabi kowa. Bai taɓa rubuta ko kalma ɗaya a dandali ba, shi ya sa ake kiransa haka. Ba ya hutu, ba ya gajiya. Da an fara tsere, in ya kai kwanar hanya ta uku wajen gidan burodi, sai ya juya kekensa da baya ya shige cikin bango, ya ɓullo a ƙarshen hanya cikin daƙiƙa tara. Wasu ma sun fara kwaikwayonsa.

Mai Tabarau ta gyara tabaranta ta ce, "Ranki ya daɗe, abin da sauƙi. A fara toshe ramin bangon, don laifinmu ne da muka bar shi. Wanda ya faɗa ciki sau ɗaya bisa kuskure, a ja masa kunne. Wanda ya mayar da shi sana'a, a ƙwace kofunan da ya ci, in ya sake a kore shi. Kuma a bar wa mutane ƙofar kawo kuka, don mu ma muna kuskure. Ba ni rabin yini in duba wa ya buɗe ramin ma tun..."

"Na sani!" in ji Na-Sani. "Duk na san wannan. Wannan ai lallashi ne. Macuci za a ja wa kunne? Ɗanki ne? Ranki ya daɗe, ba ni kwana huɗu. Zan kafa dokar da macuci zai ji sunan wasanmu ya yar da wayarsa a kwata. Kamfanonin duniya za su zo su zauna a ƙasa in koya musu."

Mai Kamfani ta dube shi, ta dubi Mai Tabarau da aikin haɗa allon gasa ya riga ya sha mata kai, ta yi ajiyar zuciya.

"To. In Asabar ta zo babu macuci ko ɗaya a gasar nan, kujerar taga taka ce. In kuwa ka kunyata ni, kai da bakin banɗaki har ka yi furfura."

Ya fita yana taku kamar an riga an ɗaura masa rawani, har ya shafa kujerar da zai wuce.

Kwana uku ya yi yana buga madannai yana magana shi kaɗai. Ranar Alhamis ya tare Mai Tabarau tana ɗaukar wayoyi za ta tafi zaure, ya zayyana mata shirin ko ba ta tambaya ba. Jama'a ne za su yi hukunci da kansu. Duk wanda ya yi magana a dandali, mutum uku suka ba shi amsa da kalmar hukunci a ciki, shi ke nan. Kekensa zai ɓace, shi kuma ya rikiɗa ya zama akuya, a ɗaure shi a tsakiyar filin wasan da allo a wuya an rubuta MACUCI. Kwana bakwai, babu ɗaukaka ƙara. Duk abin da ya rubuta kuma, "Meee" zai fito.

"Kuma dokar ba ta san babba ba," ya ƙara, yana buga ƙirji. "Ko ni nan ban... wato, har ni tana kaina."

"Mece ce kalmar hukuncin?"

"Ban."

"Ban me?"

"Ban kawai. Kalmar Turawa ce, masu wasan duniya duk ita suke faɗa in za a kori mutum."

"Me ya hana ka sa kora?"

"Kora? Kaji muke kiwo? Mu kamfani ne na zamani."

Ta ajiye wayoyin. "Amma ai ka san mutanenmu, ban ɗin nan..."

"Na sani."

"Ba ka ji abin da zan..."

"Na sani, na ce! Je ki haɗa allonki."

Ta ɗauki wayoyinta ta tafi, don mai mota na ta danna mata oda a ƙasa.

Ranar Juma'a da safe, ofis babu kowa sai shi, ya kunna dokar. Ya ɗora ƙafa a kan tsohuwar kwamfuta yana jiran macuta su fara zuba. Bai jira da yawa ba. Wani ɗan wasa ya kawo wata zolaya a dandali, mutum uku suka amsa, "Kai, abin ban dariya!" Nan take ya zama akuya. Wata ta sanar ta ci jarrabawa, aka ce mata, "Abin ban sha'awa!" Akuya. Wani ya tambaya ko an ga abin da ke faruwa a fili, aka ce, "Ban gani ba," "Ban duba ba," "Ban shiga ba tukuna." Ya je ya gani da idonsa, da igiya a wuya.

Kafin azahar akuya ɗari huɗu ne a fili. Na-Sani ya kira Mai Kamfani yana rawar murya don murna.

"Ranki ya daɗe, macuta ɗari huɗu! Ashe a cikin ɓarayi muke zaune!"

"Shiru fa?"

"Yana hanya."

Yana ajiye waya sai ga tela ya hawo bene, da tef ɗin awo a wuya, yana huci.

"Kai ne ka mayar da ni akuya?"

"Doka ce ta mayar da kai. Me ka sata?"

"Me na sata? Ni da ban taɓa wuce na goma sha biyu ba! Cewa kawai na yi wa zai yi tsere da ni, mai askin layinmu ya ce ban da ni, wasu biyu ma suka ce ban da su. Sai na ga kaina da ƙaho!"

"Ka gani? Mutane sun ƙi tsere da kai. Mai gaskiya ake gudu?"

"Wandonka na wurina," in ji tela. "Wanda za ka sa gobe. Ka tuna da wannan."

Da yamma Na-Sani ya koma gida yana fito, ya tarar da takalmin surukinsa a bakin ƙofa, an jera shi tsaf kamar za a duba shi. Surukin tsohon shugaban makaranta ne. Tun da ya yi ritaya jikokinsa suka koya masa Kauce Hanya, kuma shi kaɗai ne a duk wasan yake tsayawa in fitilar hanya ta nuna ja. Bai taɓa cin tsere ba, bai kuma taɓa damuwa ba. Kullum da safe yakan rubuta wa matasan dandali nasiha, suna ce masa Baba.

Yana zaune a falo, wayarsa a kan gwiwa. Matar Na-Sani na tsaye ta harɗe hannu.

"Sannu da zuwa, Baba," in ji Na-Sani, ya durƙusa.

"Zo ka karanta min wannan. Idona ya yi rauni, wataƙila ni ne ban gani daidai ba."

Na-Sani ya karɓi wayar. Ga akuya nan mai gemu, ga sunan Baba a samanta, ga allo a wuya.

"Shekara talatin da biyar ina kama masu satar amsa," in ji tsohon. "Yau ni ne macuci. Cewa na yi zan huta da wasa kwana biyu saboda likita ya ce in rage kallon waya. Yaran kirki suka ce suna min ban kwana. Shi ke nan laifina."

"Baba, ai na'ura ba ta kuskure. Wataƙila... hannunka ne ya zame ka shiga bangon."

"Ni? Ni da nake ba mai tafiya a ƙasa hanya?"

"Baban yara," in ji matar, "ka saurare ni sau ɗaya a rayuwarka. Wannan kalmar da ka sa, ai duk wanda ya buɗe baki..."

"Na sani."

"Me ka sani?"

"Abin da za ki faɗa."

"To faɗa min."

Ya yi gyaran murya ya ce maganar aiki ba a yin ta a gida. Tsohon ya karɓi wayarsa ya ce zai rubuta ƙorafi a hukumance. Ya ɗauki minti goma yana dannawa da yatsa ɗaya, da gaisuwa da komai, ya tura. Allon ya nuna: "Meee." Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙe ya ce gobe zai zo zauren da kansa, a gaba zai zauna.

Asabar da sassafe akuyoyi sun kai dubu uku. 'Yan wasa sun gano sirrin tun jiya, suka mayar da shi yaƙi: duk wanda ya yi tari a dandali sai a yi masa ruwan "ban". Mai aski ya shiga yi wa tela dariya, minti ɗaya bai cika ba aka ɗaure shi kusa da shi. Shiru kuwa yana ta shige bangonsa lafiya lau. Ba a iya ba shi amsa, tunda bai taɓa cewa komai ba.

Na-Sani ya zauna ya yi nazari, ya gano matsalar: jama'a ne ba su fahimci dokar ba. Sai ya rubuta doguwar sanarwa da sunansa, sakin layi tara, ya rufe da tambaya: "Kun gane?"

Mutum ɗari shida suka amsa masa. Kusan duk abu ɗaya suka ce.

Ya ga kekensa ya ɓace. Ya ga ƙaho. Ya yi maza ya buɗe wurin ba da umarni ya rubuta a soke dokar, sai ya ga "Meee." Ya sake rubutawa da manyan baƙaƙe. "MEEE." Shi da kansa ya ɗaure makullin dokar a jikin sunansa, don kada Mai Tabarau ta taɓa masa aiki.

Wani da ya sha jinin jikinsa zai kira ofis ya faɗi gaskiya. Na-Sani wandonsa ya karɓo wajen tela, ya tarar ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo da taƙi guda, ya sa abinsa a haka ya nufi zaure.

Zauren ya cika maƙil. Ga ƙaton allo, ga wakilin kamfanin lemo a kujerar gaba riƙe da kofi, ga suruki kusa da shi da sandarsa, ga matar Na-Sani, ga tela da mai aski. 'Yan gasa goma sha biyar suna kan dandamali da wayoyinsu, na sha shida, wato Shiru, daga nesa zai buga. Mai Kamfani, wadda kwana biyu ba ta leƙa wasan ba saboda hidima, ta ja Na-Sani gefe.

"Komai daidai?"

"Ranki ya daɗe, yau ko ƙuda ba zai yi cuta ba."

"Me ya sami wandonka?"

"Yayi ne."

Aka kunna allo. Goma sha ɗaya daga cikin 'yan gasar akuyoyi ne tun jiya. Huɗun da suka rage sun tsira ne don sun kame bakinsu. Zaure ya ɗauki guna-guni. Mai Kamfani ta rikice, ta ciro wayarta ta rubuta a dandali, kowa na gani a allo: "Jama'a ku yi haƙuri, 'yar matsala ce."

"Ranki ya daɗe, kar ki tura!" Mai Tabarau ta ƙwala daga bayan allo. Ina, ta riga ta tura.

"Ban haƙura ba." "Ban yarda ba." "Wannan abin ban haushi ne."

Mai Kamfani ta zama akuya a gaban wakilin lemo. Huɗun nan kuwa dariya ta ci ƙarfinsu, suka manta suka rubuta "hahaha", 'yan kallo suka gama da su kafin su ɗago kai.

Agogon gasa bai san abin da ake ciki ba, ya buga. Keke ɗaya tal ya fita. Ya kai gidan burodi, ya juya da baya, ya shige bango, ya ɓullo a ƙarshe. Daƙiƙa tara. Akuya goma sha biyar suna kallonsa.

Allon an tsara shi ne ya nuna hoton da zakara ya yi rajista da shi. Aka yi kiɗa, aka watsa furanni, hoto ya fito tun daga sama har ƙasa: Na-Sani ne, da jan laƙataye a wuya, ya ɗaga babban yatsa.

Tela ne ya fara magana. "Ga kuma wandon da na ɗinka masa bara."

"Sharri ne!" in ji Na-Sani. "Maƙiya ne suka..."

Mai Tabarau ta fito da kwamfutarta a hannu. Tsautsayi ya sa makirufo na kusa da ita, kowa ya ji.

"Daga ofishinmu Shiru ke wasa. Daga ƙarƙashin teburinka. Bara da aka ce ka gwada hanyar sau ɗari biyar, ba ka haɗa wani ɗan keke mai tuƙa kansa ba?"

Na-Sani ya buɗe baki. Abin ya dawo masa kamar an watsa masa ruwan sanyi. Lallai ya haɗa shi, don ya samu ya ɗan runtsa. Ya kuma huda masa bango don ya riƙa gamawa da wuri. Daga nan aka kira shi cin abinci.

"Wato shekara guda," in ji suruki da muryar shugaban makaranta, "macucin yana ɗumama maka ƙafa."

Dariya ta ɓarke har wakilin lemo ya ajiye kofi yana share hawaye. Mai Kamfani ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki makirufo ta miƙa shi daidai bakin Na-Sani.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Yaya za a mayar da ni mutum?"

Ya dubi allo, ya dubi surukinsa, ya dubi ƙofar fita, ta yi masa nisa. Ya fara harhaɗa kalmomin kamar mai koyon magana.

"Ban... sani ba."

Matarsa ta miƙe tsaye ta ɗaga hannu biyu sama. "Jama'a ku shaida! Shekara goma sha ɗaya nake jiran wannan!"

Aka yi tafin da ko zakaran gaske bai taɓa samu ba.

Mai Tabarau, da yake ita ta rubuta wasan, ta ɓalle makullin, ta kwance akuyoyin kafin la'asar, ta toshe ramin, ta zare wayar tsohuwar kwamfuta, aka sake gasar washegari. Waɗanda suka bi Shiru ta bango da gangan aka karɓe kofunansu, aka gargaɗe su, aka kuma buɗe wurin kawo kuka. Akuya ɗaya aka bari a fili. Mai Kamfani ta ce mai ita da bakinsa ya ce kwana bakwai babu ɗaukaka ƙara, ita kuwa ba ta karya doka.

Ranar Litinin Na-Sani ya zauna a kujerarsa ta roba, ƙafafunsa a kan siminti mai sanyi, ƙorafi dubu uku da ɗoriya na jiransa. Na farko na surukinsa ne, shafi huɗu, wannan karon da haruffan mutane. Daga ƙasa yana jin tela na gaya wa mai aski ai yanzu sunan ya koma Ban-Sani.

Bai ɗaga kai ba sai da ya ji ƙarar kujerar taga. Mai Tabarau ce a kai. Ta juya dama, ta juya hagu, ta taɓa wani ɗan ƙarfe a gefe, sai kujerar ta kwanta baya a hankali, iska na kaɗa mata mayafi.

"Lah," ta ce, ba da mugunta ba. "Ka san har kwanciya take yi?"

Wata bakwai yana kallon kujerar nan. Ya ƙara kallonta, ya jawo ƙorafin surukinsa gabansa.

"Ban sani ba," ya ce.